Yadda aka tada injin Fijo 504 bayan shekara shida a ajiye: baƙin mai, kayan gyara da inda kuɗin ya tafi

Motar da zan yi bayani a kanta Fijo 504 ce salun mai injin lita biyu, haɗin Kaduna ta tsakiyar shekarun 1980, ta Baffana ce yayan mahaifinmu kuma tun tana sabuwa take hannunsa lokacin yana aikin gwamnati. A 2018 ta yi zafi a hanyar Zariya zuwa Kaduna aka jawo ta gida aka ajiye ƙarƙashin rumfa da niyyar za a gyara in an samu sarari, sararin nan bai samu ba sai 2024. Ni aka ɗora wa bin aikin saboda ni ne a kusa kuma dama ina son tsofaffin motoci. Gidajen da ke da irin wannan mota a ajiye suna da yawa, kuma duk wanda ka tambaya shawarar farko da zai ba ka ita ce a cire injin a jefar a sa wani, to abin da na gani a wannan aikin bai goyi bayan wannan shawarar ba sam.

Ga wanda bai san motar sosai ba, a 1968 ta fito a Faransa, 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, 1975 ta ci tseren Safari a Kenya, kuma a wannan shekarar ne kamfanin PAN, wato kamfanin Fijo na Najeriya, ya fara haɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna. Turawa sun daina yin salun ɗinta a 1983 amma mu nan an ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa ta zama motar ofis, motar sarakai, motar tasha, kowa dai ya shige ta. Injin da ke cikin ta Baffa shi ake kira XN1, silinda huɗu, 1971cc, a karkace yake zaune ba a tsaye ba, bulok ɗin ƙarfe ne, top ɗin, wato murfin saman injin, alminiyam, taimin ɗinsa sarƙa ce ba bel ba, mai kuma kafireta ke ba shi. Abin da ya fi komai muhimmanci a labarin nan shi ne silinda ɗinsa ba a jikin bulok aka huda su ba, silif ne guda huɗu, wato bututun ƙarfe da fistin ke hawa da sauka a ciki, da ake zarewa a sa wasu, ruwa na zagaye su kai tsaye. Wato in sun cinye ba sai an kai bulok wajen mai tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, an faɗaɗa ramukan ba, sabon silif da fistin da ringi za ka saya injin ya koma yadda ya fito. An yi injin ne don a dinga sabunta shi.

Ranar da muka kira bakanike, wani dattijo ne da ya yi shekaru yana aikin Fijo zalla, yaran gida har sun aro batir suna jira a yi kik a ji ko za ta tashi. Ya ce kar wanda ya taɓa makulli. Ya cire fulogi huɗun duka, ya ɗiga baƙin mai haɗe da ɗan kananzir a kowane rami, ya ce a bar ta ta kwana biyu. Da ya dawo sai ya sa sipana a fulin karanshaf yana juyawa a hankali, ta ɗan ciza a wani wuri sannan ta sake, ya yi ta zagayawa har ya ji ta yi laushi. Dalilinsa mai sauƙi ne, injin da ya shekara shida bai juya ba duk man da ke jikin silif da metal, wato faifan da karanshaf ke juyawa a kansu, ya gama tsiyayewa ƙasa, ringi kuma wataƙila tsatsa ta manna su da silif, in ka ba shi kik da ƙarfin batir to ringin ne zai karye ya tsaga maka abin da da bai lalace ba.

Da aka kwance noti na ƙasa don juye tsohon mai, abin da ya fara fitowa ruwa ne zalla kusan cikin kofi, sannan wani abu mai kauri kalar shayi da madara ya biyo, yana kuma warin fetur. Dattijon ya shafa a yatsa ya shinshina ya ce, “Alhaji, wannan motar ciwo biyu gare ta, ruwa na shiga mai, fetur ma na shiga mai.” Sai a lokacin Baffa ya tuna cewa watanni kafin ta tsaya jar wutar mai tana yi masa ƙyaf-ƙyaf a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, in ya yi zafi, wanda yake duba masa ita a lokacin kuma ya ce ai tsufa ne, ya canja masa zuwa SAE 50 ya ƙara da gwangwanin tiritmen mai kauri, wutar ta daina kamawa kowa hankalinsa ya kwanta.

Aka zuba wani mai na wucin gadi aka sa batir aka gwada kompireshan ba tare da an tada ta ba. Silinda biyu na tsakiya ba su kai 90 ba a geji, na gefe biyu suna wajen 120, alhali lafiyayyen injin irin wannan ya kamata a ga kusan 150. In biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare to gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu, wannan kowane bakanike ya sani. Sai ya ƙara zuba ɗan mai a na gefen ya sake gwadawa suka tashi sosai, alamar ringi da silif ma sun ci kenan, don da bawul ne ke yoyo mai ba zai canja komai ba. Gwajin nan bai ɗauki rabin awa ba amma shi ya faɗa mana girman aikin tun kafin a kwance noti ɗaya na top, kuma wallahi ina mamakin yadda garejoji da yawa ba su ajiye wannan gejin ba, sai dai a saurari ƙara da kunne a yanke hukunci.

Ana ɗaga top abu na farko da ya yi shi ne ya ɗauko manyan wasa da guntayen bututu ya ɗaure silif ɗin a mazauninsu, ya kuma ja kunnen yaronsa kar ya kuskura ya juya injin. A ƙasan kowane silif akwai siririn sil da ke raba ruwa da mai, in top baya kai ka juya karanshaf fistin zai ɗaga silif ɗin sil ya tashi daga wurinsa, ka mayar da komai ka sa sabon gaskit mai tsada amma bayan sati ka ga ruwa a cikin mai ka ce gaskit ɗin ne jabu. Mu dai tunda za a canja silif ɗin duka wannan bai dame mu ba, amma yana so ya auna yadda suke zaune kafin su motsa.

Abin da muka tarar: gaskit ya ƙone tsakanin na biyu da na uku kamar yadda geji ya nuna. Hanyoyin ruwa na jikin top sun zaizaye, alminiyam ɗin ya yi ramuka-ramuka, wani farin gishiri ya daskare a ciki. Tamastat, abin da ke tsare ruwa har injin ya kai zafinsa, babu, an cire tun da daɗewa. Lagireto kusan rabin layukansa a toshe. Fankar 504 irin mai kama kanta ce da maganaɗisu in ruwa ya yi zafi, to ɗan gawayin da ke kai mata wuta ya cinye, ma'ana ta daɗe tana juyawa a banza ba ta jan iska yadda ya kamata. Filtar iska kuma ta wannan motar irin mai kwanon mai ce a ƙasa, iska na bi ta kan man ƙura ta maƙale, mun same ta a bushe ƙarau da busasshen laka a ciki, wato duk ƙurar hunturu ta shekaru kai tsaye take wucewa cikin silinda tana goge ringi. Fiyul fam da aka buɗe robarsa ta tsage, kuma da yake a jikin bulok yake ɗaure fetur ɗin da ya zubo cikin baƙin mai yake gangarawa.

In ka jera su sai ka ga babu inda tsufa ya kashe injin nan. Ruwan rijiya da na famfo da ake ɗurawa a lagireto ba kulant shi ya ci top ya toshe lagireto, fanka ta daina aiki, zafi ya ƙona gaskit. Ƙura ta ci ringi saboda ba wanda ya zuba rabin kofin mai a filtar iska. Fetur ya tsinka baƙin mai, ƙarfin mai ya faɗi, jar wuta ta yi gargaɗi, maimakon a bi dalili sai aka rufe mata baki da mai mai kauri. Kowanne ɗaya a cikinsu gyaransa ƙaramin kuɗi ne a lokacin da ya fara. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, don mutumin nan bai taɓa ƙin biyan kuɗin sabis ba, abin da aka ce ya saya shi yake saya.

Daga nan aka zauna a gida kan me za a yi. Babban ɗan Baffa ya ce a nemo injin tokumbo a wuce wurin, wani ya ce a sa na Toyota kamar yadda wasu ke yi tunda kayansa sun fi yawa kuma ba ya shan mai. Na ce musu mu duba maganar tokumbo da kyau, Turai ta daina wannan salun tun 1983, 505 da ke amfani da irin injin nan ita ma ta daɗe da tsayawa, J5 ma da injinta na fetur dangin wannan ne haka, to duk injin da za a nuna maka a ce daga waje ya zo shekarunsa sun kai talatin ko arba'in, mafi yawa ma a nan gida aka cire su daga wata motar da ta gaji aka wanke da kananzir aka jera. Ba ka san cikinsa ba, garantin sati ɗaya ko biyu za a ba ka. Na Toyota kuma sai an yanka mauntin an yi dabarar haɗa shi da giya an sake wayarin, motar ta tashi daga Fijo ta koma wani abu daban, in ta ba da matsala mai Fijo ya ce ba tasa ba ce mai Toyota ma ya ce ba tasa ba ce. Baffa yana ta saurare bai ce komai ba sai a ƙarshe ya tambayi bakanike, “Malam, bulok ɗin lafiya yake?” Ya ce lafiya lau ranka ya daɗe. Baffa ya ce to a gyara injina.

Maganar kuɗi yanzu. Lokacin da aka ajiye motar dala tana wajen naira 360, lokacin da muka fara sayen kaya ta haura 1,500, kuma kusan duk abin da ke cikin injin nan daga waje yake zuwa, don haka lissafin da Baffa yake riƙe da shi a kansa na farashin da sai da aka ninka shi fiye da sau huɗu. Farashin ma ba ya zama, abin da aka faɗa maka yau in ka koma bayan sati biyu ya motsa, shi ya sa muka tsara a sayi manyan kaya a lokaci ɗaya kafin a fara ɗauri. Mun zagaya Oriakpata a Kaduna, wasu abubuwan sai da aka aika Ƙofar Ruwa a Kano, set ɗin silif kuwa mai shagon daga wajen ɗan'uwansa a Nnewi ya sa aka ɗoro masa.

Kayan 504 a kasuwa hawa uku ne. Akwai tsohon ajiya na asali da ya rage a shaguna tun lokacin da motar ke tashe, kwalinsa ya yi ƙura amma abin ciki gangariya ne, shi ya fi tsada kuma kullum raguwa yake. Akwai sababbi da ake yi yanzu a ƙasashen Asiya da sauransu, cikinsu akwai mai kyau akwai wanda kwali ne kawai mai kyau. Sai na gwanjo da aka cire daga wasu motocin. Dattijon ya ba ni ƙa'idar da muka bi, ya ce duk abin da sai an sauke injin ko an ɗaga top kafin a kai gare shi kar a yi masa rowa, abin da yake waje ana iya canja shi da sipana ɗaya a bakin titi wannan a sayi na tsakiya ba laifi. Don haka silif da fistin da ringi, metal, sarƙar taimin da abin da ke tamke ta, da gaskit na top, duk mun sayi mafi kyawun da muka samu. Gaskit ɗin kaɗai ya kusa ninka mai araha sau uku, amma in mai arahar ya ƙone kuɗin sake ɗaga top da sabon mai da filta da jan mota sun fi ratar da ke tsakaninsu nesa ba kusa ba. Kayan roba kuwa, hos da sil da robar fiyul fam da fanbel, a nan tsohon ajiya ba abin so ba ne, roba da ta shekara ashirin a kan kanta ta bushe ko da ba a taɓa ɗaura ta ba, sabuwa muka nema. Gwanjo muka saya a abin da ƙarfe ne zalla ba ya cinyewa, murfin tamastat da wani bututun ruwa da ya ruɓe.

Wuri biyu awo ya cece mu daga kashe kuɗi. Karanshaf mutane da yawa da sun buɗe injin sai su ce a kai garandin, mai tana ya sa maikuromita ya auna ya ce har yanzu yana kan sitanda, goge shi kawai aka yi aka sa metal sitanda. Top kuma da muka zaci sai an sayi wani, ya duba lanƙwasarsa kaɗan ce, aka cike ramukan da waldar alminiyam aka ɗan share fuskarsa, aka yi girandin bawul. Ya ce ba zai share da yawa ba don in aka rage top fiye da kima kompireshan na hawa injin ya dinga ƙarar ƙwanƙwasa a kan fetur ɗinmu. In aka kasa duk abin da aka kashe gida goma, wajen huɗu sun tafi kan silif da fistin da metal da sarƙa, biyu kan top da gaskit da aikin mai tana, biyu kan ɓangaren ruwa wato sabon cikin lagireto da fam ɗin ruwa da hos da tamastat da gyaran fanka, ɗaya ladan bakanike, ɗayan da ya rage shi ne fulogi da kontak da kondensa da kayan kafireta da filta da baƙin mai gaba ɗaya. Baƙin mai shi ne kusan mafi ƙanƙanta a lissafin, kuma a kansa aka fi yin gardama.

Gardamar ɓangare uku ce. Yaron bakanike da wasu a garejin sun ce tsohon injin SAE 40 ko 50 yake so, mai kauri, shi aka saba. Ɗan Baffa ya ce ya gani a intanet sintetik 5W-30 shi ne mafi kyau a duniya, tunda an kashe kuɗi haka a zuba mai tsada. Ni da dattijon muka tsaya a kan 20W-50 na gargajiya, kuma ga dalili.

Lambobin nan biyu, ta farko mai W tana nuna yadda man ke gudu in injin ya yi sanyi, ta biyu tana nuna kaurinsa in ya yi zafi, a ma'aunin digiri 100 ake auna ta. Mai lamba ɗaya irin SAE 40 da safe a lokacin hunturu a Zariya ko Jos yana yin kauri sosai, kafin fam ya tura shi ya kai saman injin inda rokas suke an ɗauki lokaci, kuma a waɗannan daƙiƙun farko na tashi ne injin ya fi cinyewa. In aka shiga Maris da Afrilu kuma zafi na kusan digiri 40 kana cikin cunkoso, mai lamba 40 ya fi mai lamba 50 tsinkewa. To 20W-50 ya fi shi gudu da safe ya fi shi riƙe jiki da rana, ban ga inda mai lamba ɗaya ya ci riba ba sai ɗan sauƙin farashi. 5W-30 kuma ba mugun mai ba ne, an yi shi ne don injinan zamani masu matsattsun giɓi da kwamfuta da ke auna fetur. Injin da aka zana a shekarun 1960 giɓinsa ya fi faɗi, siririn mai in ya yi zafi ƙarfinsa a silo yana faɗuwa, yana kuma samun hanyar tsiyaya ta wuraren da mai kauri ba zai bi ba. Masu cewa sintetik na fasa sil ba daidai suka faɗa ba, abin da ke faruwa yana wanke daskararren dattin da ya toshe tsohon sil sai yoyon da dama yana nan ya bayyana.

Akwai kuma maganar zink da ba kowa ya san da ita ba a nan. Kamshaf ɗin XN1 goga yake yi kai tsaye a kan tafet, ƙarafan da yake turawa su buɗe bawul, masu shafaffen ƙasa, ba irin masu ɗan taya ba, wurin na shan matsi sosai, abin da ke kare shi wani sinadari ne na zink da fosforas da ake sawa a cikin mai. Saboda sinadarin na lalata katalis, abin tace hayaƙi da ke cikin salansar motocin zamani, aka yi ta rage shi, daga ma'aunin ingancin mai na API SM na 2004 an ƙayyade fosforas kar ya wuce kashi 0.08 cikin ɗari a siraran mai irin su 5W-30 da 10W-30, amma wannan iyakar ba ta hau kan 20W-50 ba. Ba wai injin zai buga gobe in an zuba siririn ba, sifirin ɗin bawul na 504 ba su da tsauri sosai, amma tunda 504 ba ta da katalis me zai sa a hana ta kariyar da aka gina ta a kai. Wanda yake wuri mai sanyi ko injinsa sabon ɗauri ne 15W-40 mai kyau ma zai yi masa. Tiritmen kuwa dattijon ya ce kar ya ƙara ganin gwangwaninsa kusa da motar, yana kashe jar wuta ne kawai metal ɗin da ya cinye yana nan yadda yake.

Abin da ya fi zaɓen lamba haɗari shi ne jabu. Man da ake aunawa a kwalba daga duro a bakin titi ba ka san me ke ciki ba, wani bes oyil ne zalla babu sinadari ko ɗaya, wani tsohon mai ne aka tace, har galan mai suna ma ana sake cikawa a liƙe, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irin waɗannan. Mu a gidan mai na kamfanin da kansa muke saya, a duba hatimin murfi, a juye a gabanka, in an gama a huda galan ɗin kafin a yar don kar ya koma kasuwa da wani abu a ciki. Injin na cin lita 4, galan ɗaya kenan, filta kuma a canja ta duk juye ba wai a tsallake ɗaya ba. Wani abu da ya kamata masu 504 su riƙe, giyarta mai hawa huɗu baƙin man injin take sha ba man giya mai kauri ba, man giyar na aksul ɗin baya ne.

Wajen ɗauri dattijon bai yi gaggawa ba. Ya auna yadda kowane silif ya ɗan ɗara fuskar bulok, don wannan ɗan tudun ne gaskit ke dannewa ya riƙe wuta, in ɗaya ya yi ƙasa da sauran nan zai sake ƙonewa. Notocin top da tok renc ya ɗaure su bi da bi daga tsakiya zuwa waje, ba da bututu a kan sipana ba. Bawul ya saita da fila geji injin na sanyi, na shiga milimita 0.10 na fita 0.25, kontak 0.40, wayoyin fulogi a jerin 1-3-4-2, yana ta tuna wa yaronsa cewa a Fijo daga wajen fulaiwil ake fara ƙirga silinda ta ɗaya ba daga gaba ba. Ya mayar da tamastat, wanda nan ma sai da aka yi magana don mutane sun yarda cewa a ƙasar zafi ba a bukatarsa. Ana bukata, injin da ba ya kai zafinsa da wuri fetur ɗin cok da raɓar da ke taruwa a ciki ba sa ƙonewa su fita, a cikin baƙin mai suke zama. Aka cika ɓangaren ruwa da kulant, kusan lita 8 yake ci, aka zuba mai a kwanon filtar iska har layin da aka zana. Kafin a sa fulogi sai da ya yi ta kik har jar wutar mai ta mutu, sannan aka tada ta.

Kilomita 1,000 na farko an bi ta a hankali, ba gudu ba lodi ba kuma barin ta a silo na tsawon lokaci, ana canja giya ana hawa ana sauka don ringi su zauna. Da ta cika aka juye mai da filta, man ya fito da ɗan ƙyalli na garin ƙarfe wanda dama ana sa ran gani a juyen farko, aka sake ɗaure notocin top aka sake saita bawul. Daga nan tsarin da muka ajiye shi ne juye duk kilomita 4,000 ko wata shida duk wanda ya riga, saboda Baffa gajerun tafiye-tafiye yake yi, masallaci, asibiti, gidan 'yan'uwa, irin tafiyar da ta fi ɓata man injin mai kafireta ko da kilomita ba ta taru ba. Kwanon filtar iska ana wanke shi duk juye, a hunturu kuma duk wata. Bawul ana duba su sau ɗaya a shekara, tunda fetur mai dalma da aka yi injin don shi ya daɗe da barin kasuwa, kodayake top ɗin alminiyam mazaunin bawul ɗinsa na ƙarfe ne daban don haka abin bai cika damunsa ba, in dai giɓin na fita ya fara matsewa da kansa to alama ce a bincika.

Yanzu tana tashi da kik ɗaya, allurar zafi na zama a tsakiya ko a cunkoson Kawo, ba hayaƙi, daga juye zuwa juye abin da take ragewa a sandar awo kaɗan ne. Shan fetur kam tana sha, wajen lita 11 zuwa 12 a kilomita 100 a cikin gari, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 wannan ba ƙaramin abu ba ne, duk wanda zai tada 504 ya sa wannan a lissafinsa, ba motar zirga-zirgar kullum ba ce ga mai ƙaramin albashi. Abin da ya rage a injin kafireta ce, sandar bataflai ɗinta ta ci mazauninta tana jan iska ta gefe shi ya sa silo ke ɗan hawa da sauka, muna neman Solex ta gwanjo mai lafiya ko a sa mata bushin wajen mai tana. Mun kuma sayi gaskit na top ɗaya da kontak biyu da fiyul fam mun ajiye tunda masu kyau suna ƙara wuyar samu. Aikin da ke gaba shi ne tankin fetur da ke turo tsatsa cikin filta, da bututan birki da ba a taɓa canjawa ba tun da aka sayi motar, an tsayar za a yi su kafin damina.